Wahalar girka caja tana ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ya shigo ofishinmu, tambayarsa ta farko ita ce, "Wace caja ce ta fi sauri?" Ni kuma nakan ce masa mu je mu ga taransifomar layinsu tukuna. Ƙaramin kamfani gare ni, mu bakwai ne har da ni, kuma sana'armu girka cajar motocin lantarki a wuraren ajiye motoci da gidajen bene.

Akwatin cajar da ake gani a jikin bango, ɗaura shi aikin yini ɗaya ne. Amma caja mai kilowat 150, da zarar an jona mata mota, wutar da take ja ta fi ta gidaje da dama a haɗe. Idan aka jera huɗu, sai an sauya taransifoma, an fasa kwalta, an binne kebul mai kaurin damtse. Akwai aikin da muka kammala cikin mako biyu, sannan muka shafe wata bakwai muna jiran kamfanin rarraba wuta ya jona mu da layi. Mai wurin kullum sai ya kira ni, sai ka ce ni na ɓoye wutar a aljihu.

Shi ya sa nake lallashin masu gidaje su karɓi ƙaramar caja mai kilowat 7. Batiri mai kilowat-awa 60 yakan cika cikin kimanin awa 9, wato mota ta kwana ta tashi a ƙoshe. Ai dama yawancin rayuwar mota a ajiye take. Mai gareji ba shi da damuwa. Ɗan haya da ke hawa na biyar, wanda motarsa ke kwana a bakin titi, shi ne aka manta da shi. A Landan sun yi dabarar saka soket a jikin turakun fitilun titi, ba sai an yi wani babban haƙa ba.

Kawunan caja da ake jona wa mota ma rigima ce mai zaman kanta, don ba iri ɗaya ba ne: CCS a Turai, CHAdeMO daga Japan, GB/T a Sin.

Masu zuwa da batun rage hayaƙin kabon ba na musa musu, sai dai nakan tambaye su daga ina wutar ta fito. Idan tashar kwal ce ke ba da ita, an rage hayaƙin a titi ne, wani kuma ya koma bututun tashar. Norway, inda kusan 9 cikin 10 na sabbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne, yawancin wutarta daga madatsun ruwa take samu. Don haka na fi son girka caja a harabar ma'aikatu, inda mota ke wuni a daidai lokacin da sola ke ba da wuta sosai.

Abin da ke riƙe kamfaninmu a yanzu gyara ne: allo ya mutu, intanet ta ɗauke an kasa biya, wani ya bi ta kan kebul da taya. Yarana biyu ba su da wani aiki sai zagayen duba waɗanda muka riga muka girka.