Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Alƙalin da Bai Ɓoye Kansa Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, makon jiya mun tsaya inda na samu aikin jigilar fayil a babbar kotun gundumar Los Angeles, to yau kan wani alƙali zan tsaya, wanda tun satin farko nake jin sunansa a bakin ma'aikata, Stephen Lachs.

Mutumin nan ɗan luwaɗi ne kuma bai ɓoye ba, Gwamna Jerry Brown ma da ya naɗa shi a 1979 ya sani sarai, shi ne na farko a Amurka da ya hau kujerar alƙalanci alhali kowa ya san haka. Kuma fa lokacin ba kamar yanzu bane, sai a 1976 Kalifoniya ta daina hukunta manya kan wannan, a 1978 har ƙuri'a aka kaɗa kan a kori irinsu daga koyarwa a makarantun gwamnati amma ba ta ci ba, a Nuwamban shekarar kuma aka harbe Harvey Milk, wani ɗan majalisar birnin San Francisco da shi ma bai ɓoye cewa ɗan luwaɗi bane. A cikin wannan zafin ne ya karɓi kujerar da sunansa a jaridu.

Ni da na tashi gidan malamai wallahi abin ya daɗe yana min nauyi a zuciya, kuma abin da addinina ya faɗa yana nan ban taɓa shi ba. Sai dai kullum ina wucewa ta gaban mutanen da ke zaune a benci tun sassafe, mace da goyo tana jiran shari'ar wa zai riƙe 'ya'ya, tsoho ko Turanci ba ya ji, damuwarsu ɗaya ce, za a saurare ni ko za a ɗage kuma? Shi kuwa kafin alƙalanci lauyan da gwamnati ke ba waɗanda ba su da kuɗin lauya ne, daga nan kotun yara, ya san mutanen bencin nan tun kafin ya hau sama, wannan ni ina ganin girmansa.

A can duk bayan shekara 6 kujerar alƙali na komawa hannun masu zaɓe, amma ya yi shekara 20 a kai sai 1999 ya yi ritaya. Bayan naɗinsa aka naɗa wasu alƙalan da su ma ba su ɓoye kansu ba, Rand Schrader a 1980, wanda cutar kanjamau ta kashe a 1993, sai Mary Morgan a San Francisco a 1981.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, yadda na fara tafinta a kotu.