Kafin a sa hannu a tuwo

A gidanmu da ke Sabon Tasha ba a kai loma baki sai an yi wa Allah godiya, ko da kuwa garin kwaki ne aka jiƙa. Ni da maiɗakina muka kafa wannan ƙa'ida da yara suka fara tasowa, sharaɗinta kuma ɗaya ne: duk wanda zai yi addu'a, ya ambaci abin da ke cikin kwanon da sunansa.

Dalilina shi ne addu'ar da aka haddace saurin zama karatun aku take yi. Yaro zai rufe ido ya zuba "Ya Uba, mun gode maka, cikin sunan Yesu, amin" da numfashi ɗaya, hannunsa kuwa tuni yana laluben nama. Amma in ka ce ya faɗi abin da aka dafa, dole ya dubi abincin tukuna. Autarmu ta taɓa gode wa Allah don tuwon masara, da miyar kuka, da daddawar da ke ciki, da mai injin niƙa na bakin layi, har da wutar da aka kawo ranar. Yayanta ya ƙyalƙyale da dariya, uwarsu ta harare shi ta ce, "Kai, da ba a kawo wutar ba, da me za ka ci?"

Tsawon addu'a kuma ba shi ne albarkarta ba. Akwai dattijai a majami'armu, Allah ya ƙara musu lafiya, da in aka ba su addu'ar abinci a wajen biki sai sun bi ta kan gwamnati da marasa lafiya da matafiya, shinkafa na hucewa. Bishara ta Yahaya sura 6 ba ta ce Yesu ya yi dogon jawabi a kan gurasa biyar da kifi biyu ba. Ya ɗauka, ya yi godiya, aka raba wa mutum wajen dubu biyar. Sauran roƙe-roƙe muna barinsu sai sujadar dare.

Inda al'adar ta fi nauyi shi ne bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da kuɗin mota da na mudun masara suka tashi tare. Ni tela ne, ɗinki kuma shi mutane ke fara haƙura da shi in aljihu ya bushe. Muka koma fate da rama kusan kullum. A lokacin ne labarin Manzo Bulus a littafin Ayyukan Manzanni sura 27 ya zauna mini daram. Mutum 276 a jirgin ruwa, hadari ya yi kwana goma sha huɗu yana jifa da su, ba mai iya cin komai. Jirgin bai tsira ba tukuna, Bulus kansa ɗaurarre ne, amma ya ɗauki gurasa ya gode wa Allah a gaban kowa, ya gutsura ya ci, sauran ma suka sami ƙarfin zuciya suka ci. Na lura in na yi godiya a kan faten da fuska a sake, yara sukan cinye tas. In na zauna ina tsaki, ranar kowa sai ya ga ƙarancin manja.

"A gaban kowa" ɗin nan ma ya shafe ni. Shagona a Kasuwar Barci yake, maƙwabtana kusan duka Musulmi ne, kuma kwano ɗaya muke haɗawa da rana. Su yi bismillah, ni in sunkuyar da kai. Ba wanda ya taɓa tanka mini. Wani dattijo mai sayar da zare, in ya ga yaran shago sun yi wuf za su fara, sai ya ce, "Ku dakata mana, Malam bai gama ba."

Shi ne kuma yake aiko mana da soyayyen nama duk Babbar Sallah, mu kuma mu kai masa shinkafa da cincin ranar Kirsimeti. Wasu 'yan'uwa a ikkilisiya suna ƙyamar naman layya, ban kuma raina lamirinsu ba. Ni dai abin da na karanta a wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 4, shi ne duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, ba abin ƙi in an karɓa da godiya. Saboda haka muna ci, kuma bisa ƙa'idar gida sai an ambaci ragon a addu'a, a ambaci wanda ya aiko da iyalinsa. Bara matar fastonmu ta tarar da mu a kai, ta ce ita ba ta ci, muka zuba mata acca.