Tambayar da Malama ta yi mini kan ɓeraye

Lokacin da na fara digiri na biyu a fannin garkuwar jiki, duk wata bakteriya abokiyar gaba ce a wurina. Tun muna yara suna ɗaya muka san su da shi: ƙwayoyin cuta.

Wata rana na kai wa malamar da ke duba aikina sakamakon wani gwaji, jikina a sanyaye. Ɓeraye ne a keji biyu, iri ɗaya, abinci ɗaya, amma yawan ƙwayoyin garkuwa a hanjinsu ya sha bamban. Na riga na ɗora wa hannuna laifi. Ta ɗan duba takardar, ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, daga ina aka kawo ɓerayen nan?"

Ban taɓa tunanin tambayar ba. Ashe irin wannan ya faru da Ivaylo Ivanov da Dan Littman a Jami'ar New York. Ɓerayen da suka saya daga Taconic, wani wurin kiwon ɓerayen gwaji, suna da ƙwayoyin garkuwa da ake kira Th17 masu yawa a ƙaramin hanji, na wani wurin kiwon mai suna Jackson kuwa kaɗan ƙwarai. Da aka zuba su keji guda, sai na Jackson ma suka fara samun su, domin ɓera yana cin kashin ɗan'uwansa. A 2009 suka gano mai aikin: wata bakteriya mai kama da zare, SFB, da ke kafa kanta a bangon hanji. Ita ke sa jiki ya samar da Th17, su kuma su fitar da sinadaran IL-17 da IL-22, waɗanda ke sa bangon hanji ya tsaya wa masu kawo cuta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikin Kenya Honda a Japan. A 2011 ya nuna wasu nau'ikan bakteriyar Clostridium suna ƙara ƙwayoyin Treg a babban hanji, masu kwantar da garkuwa kada ta wuce gona da iri. Daga baya aka ga sinadarin butiret, wanda bakteriya ke yi daga dusar hatsi da ganye, yana cikin masu wannan aiki. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an shiga kemis an sayi Flagyl, maganin da ke kashe har da irin waɗannan bakteriya masu amfani, don ɗan murɗawar ciki, ba tare da likita ya rubuta ba.

Na koma na binciki takardun ɓerayen namu. Daga wurare biyu aka kawo su. Na haɗa su keji ɗaya na 'yan makonni, na sake gwajin daga farko.