Abin da zaman shagon POS ya koya min kan gardamar kuɗi

A ajinmu na tattalin arziki mutum uku ne suka fi kowa zafi in an taɓo maganar kuɗi, kuma har yau a guruf ɗinmu na WhatsApp ba su daina ba. Na farko shi dai a bar kasuwa ta yi halinta, gwamnati ta cire hannunta. Na biyu ɗan kirifto ne, wato kuɗin intanet, tunda ya ji yawan Bitcoin ba zai taɓa wuce guda miliyan 21 ba ya ce an gama da hauhawar farashi. Na uku kuwa ra'ayin Jacque Fresco ne ya shige shi, dattijon nan ɗan Amurka mai Venus Project, wanda ya ce a soke kuɗi kwata-kwata, albarkatun ƙasa su zama na kowa, na'ura ta riƙa lissafi tana rabawa.

Ni amsata ba a aji na samo ta ba, a shagon POS na yayana na same ta, farkon 2023 bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace. Wallahi wanda bai zauna bayan kantar shago a watan Fabrairun nan ba ba zai gane ba, naira ake saye da naira, mutum ya tura dubu goma a miƙo masa takwas yana godiya, mai hatsi a kasuwar ƙauye farashi biyu gare shi, na kuɗi hannu daban na tiransifa daban, wani ma in ka ce tiransifa ko kallonka ba zai yi ba don ba shi da asusu, in ma yana da shi netwok ya ƙi. To kasuwa ta yanke farashi kamar yadda abokinmu na farko ke faɗa, gaskiyarsa ce, amma wa ya biya? Tsohuwar da ta karyar da akuyarta don ta sayi magani. Sai da Kotun Ƙoli ta ce a ranar 3 ga Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu sannan aka fara numfashi.

eNaira, nairar dijital ta Babban Bankin Najeriya, tun Oktoban 2021 take, amma duk wahalar nan ban ga wanda ya zo ya tambaye ta ba. Kirifto ma haka, babu mai tumatirin da ya karɓa, ko da yake waɗanda suka ajiye USDT, kirifton da ke bin darajar dalar Amurka, sun tsira da darajar kuɗinsu da naira ta faɗi bayan watan Yuni, wannan kam dole a ba abokinmu ɗan kirifto gaskiyarsa. Kuma maganarsa ta ƙayyade yawa tana da tushe a tarihinmu. Wuri, kuɗin zamanin da, daga tsibiran Maldives ake kawo shi, babu sarkin da ya buga masa hatimi, amma da shi Kano ke ciniki, lokacin da Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya zo a 1851 wuri 2,500 ne dala ɗaya ta azurfa. Da Turawa suka fara jibgo wani irin wurin daga gaɓar Zanzibar jirgi-jirgi sai daraja ta zube, har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara.

Na Fresco ne ya fi tsaya min a rai don ina son burinsa, wa zai ƙi duniyar da babu mai kwana da yunwa? Sai dai duk wanda ya taɓa ganin rabon taki ya san matsalar ba lissafi ba ce, wanda ke riƙe da jerin sunaye ne, kuma na'urar ma wani ne zai riƙe makullinta.

Abin da ya riƙe unguwarmu a makonnin nan littafin bashi ne. Mai shago ya rubuta, mai nama ya rubuta, mai ruwa ya ce sai an samu, yayana ya ba mai gero katin waya shi kuma ya auno mana tiya biyu. Amma iyakarsa inda aka san ka, baƙon da ya sauka tasha ranar ba wanda ya rubuta masa komai, shi tsabar kuɗin nan da ake zagi ita kaɗai ce za ta saya masa abinci.