Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Sunayen da Aka Laƙaba Mana

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya sauke ni a ƙofar makarantar kwana ta 'yan mata, da akwatin ƙarfe da bokiti da ƙullin garin kwaki. Shekarar 1996 ce, na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare.

Tun ban gane hanyar ɗakin cin abinci ba na gane cewa a makarantar nan kowa da rukuninta. Akwai 'yan birni, 'ya'yan Gwale da Dala da Fagge, masu baki kamar reza. Akwai 'yan gayu daga Nasarawa da Bompai, waɗanda suka yi firamaren kuɗi, akwatinsu cike da Nido da Bournvita. Akwai ustazai masu hijabi har ƙasa, 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Akwai 'ya'yan sojoji da ma'aikata, waɗanda ko Tibi ce ko Igala, "'yan Sabon Gari" ake ce musu gaba ɗaya. Sai mu a can ƙarshe, 'yan ƙauye.

Daren farko wata siniya ta tsayar da ni a bakin gado.

"Ke jiniya, daga ina?"

"Daga ƙasar Bichi, Anti."

Ta dubi kitsona, ta dubi faso a dugadugaina, ta juya ta ce wa ɗaki, "Jama'a, kifin rijiya ta iso." Aka kwashe da dariya. Daga ranar na zama Kifi. Har muka gama makaranta akwai waɗanda ba su taɓa sanin sunan da Baba ya yanka mini rago da shi ba.

Da a baki kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. Ranar aikin tsafta mu ake bai wa wankin bayi da ɗiban ruwa, wai mun saba. In sabulun wata ya ɓace, daga akwatinmu ake fara bincike. In malami ya yi tambaya na ɗaga hannu, sai in ji ana ƙus-ƙus a baya, kafin in buɗe baki Turancin ya gudu. Su ma na saman ba su tsira ba. 'Yar gayu ko sallar dare take yi, ana ganin ta buɗe ido da yawa. Ustaziya kuwa ba ta da ikon yin dariya da ƙarfi, sai a ce, "Au, har da ku?"

Amma duk waɗannan sunaye wasa ne a kan wanda aka laƙaba wa ƙawata. Ba zan faɗi sunanta ba, tana raye, tana da 'ya'ya.

Gadonta na kusa da nawa. Yarinya ce mai shiru, ba ta shiga hayaniya, kuma tana da ciwon ido da ke tasar mata, idanun su yi ja ta yi ta murza su. Kwanonmu ɗaya. In an rabo tuwon da muke kira gabza, ita ke zuba mana yajin ƙuli da man shanun da mahaifiyarta ta haɗo mata, mu ci mu tashi.

Duk wadda ta yi makarantar kwana a Kano a shekarun nan ta san zancen Sumbuƙa, lokacin da 'yan mata ke faɗuwa suna ihu a makarantu, ana ɗauko malamai su yi ruƙiyya. Tsoron bai gama barin zukata ba muka shigo. Ko ƙofa ce ta yi ƙara da dare, sai ɗaki ya ɗauki salati.

Da damina ta sauka, sauro ya cika ɗakunan kwana, ga mu babu gidan sauro. Wata 'yar ajinmu ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Ƙawata ce ta zauna a kanta, tana jiƙa tsumma tana goga mata a goshi, don ita kaɗai ce ba ta ƙyamar amai. Cikin dare jikin ya yi tsanani, yarinyar ta fara sambatu, tana kiran sunan ƙawata tana cewa, "Ki sake ni, ki sake ni."

Yau kowa ya san zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa sambatu, kuma mara lafiya sunan wanda ke gabansa yake kira. A daren nan babu wadda ta yi wannan tunani. Wata ta ce, "Dama na faɗa muku ku dubi idonta." Wata ta ce ai a garinsu an san danginsu. Ƙarya ce, ko sunan garin ba ta sani ba. Kafin asuba magana ta zagaye ɗakuna: mayya ta kama kurwa.

Siniyoyi suka fito da ita tsakar ɗaki da fitilar ƙwai, suka ce sai ta tsallake mara lafiyar, wai haka ake sa maye ya saki kurwa. Tana kuka tana rantsuwa da Allah. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne babu ƙofar fita. In ta ƙi, an ce ta ƙi sakin kurwa. In ta tsallaka, ta amsa laifi ke nan. Ta tsallaka. Da safe aka kai yarinyar ɗakin magani, aka yi mata allurar kulorokwin, ta warware. Aka ce, "Kun gani ko? Ta sake ta."

Daga nan in ƙawata ta doso famfo, sai layi ya watse. Ana tofar da yawu ana cewa, "Kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa." Aka janye gadaje daga kusa da nata. Ni da na ci gaba da cin abinci da ita, aka ce ta ba ni ƙanƙarar maita a cikin man shanu. Kifi ta koma 'yar mayya.

Labari ya kai kunnen malaminmu na addini, wani dattijo mai sanyin murya. Bayan sallar la'asar ya tsayar da mu a masallaci, ya karanta aya ta 11 a Suratul Hujurat, inda Allah ya hana wasu mata su yi wa wasu mata izgili, ya kuma hana jifan juna da miyagun laƙabi. Ya ce, "'Ya'yana, wadda ta ga maita da idonta ta miƙe." Babu wadda ta motsa. Wasu har da hawaye.

An daina faɗa a gabanta. Amma gadajen ba su dawo ba, kuma babu wadda ta sake karɓar ko ƙuli daga hannunta. Yarinyar da ke cikin na gaba-gaba a lissafi ta koma zama a kujerar ƙarshe, ta daina ɗaga hannu, ta rame har siket ɗinta na juyawa a ƙugu.

Ana haka ranar ziyara ta zo. Ban san wadda ta kai maganar har garinsu ba, sai ga mahaifiyarta ta sauko daga motar haya, ba ta ko ɗauko ƙunshin abinci ba, ta nufi ofishin shugabar makaranta kai tsaye. Abin da ya faru a ofishin nan shi zan kawo muku mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.