Ranar da Jirginmu Ya Koma Ruwa a Yawuri

Bayan wata uku jirginmu mai inji yana kife a gaɓa, jiya muka mayar da shi Kogin Kwara a Yelwan Yawuri. Makaniki ya riga ya canza fulogi da man giya, ya wanke kafireta wadda tsohon fetur ya toshe, kafinta kuma ya liƙe tsagar da rana ta yi wa katako. Sai da Baba ya ja igiya sau uku injin ya tashi, sannan hankalina ya kwanta. Na dage kowa ya sanya rigar kariya, domin kututturan da tafkin Kainji ya shanye tun 1968 suna nan ƙarƙashin ruwa. Mun dawo kafin la'asar, ko ɗigo bai shiga jirgin ba.