A ƙarshe injin ya kai juyi 3,300: ashe rigar wayar totur ce ke zamewa

Alhamdulillahi, yau da yamma taraktar yankan ciyawata ta dawo da muryarta. Sati uku ke nan tana ba ni ciwon kai, kuma na ce sai na rubuta muku tun abin yana da zafi a raina.

Kun san injin nawa mai silinda ɗaya ne. Takardarsa ta ce in an ba shi totur har ƙarshe ba tare da an ɗora masa aiki ba, ya yi juyi 3,300 a minti. Ni kuwa na naɗa wayar na'urar auna juyi a jikin wayar fulogi, ta tsaya cak a 2,700. Da na shiga ciyawa mai kauri sai ya riƙa nishi, wuƙar tana tauna ciyawar maimakon ta yanke ta.

Na wanke kafireta sau biyu. Na canja matatar iska. Da haƙurina ya ƙare na sayi sabuwar kafireta, na ɗaura, na tayar: 2,700 ɗin nan dai. Wallahi kuɗin nan har yanzu yana yi mini zafi, don tsohuwar ba abin da ya same ta.

Daga nan na koma kan gwamna, wato na'urar da ke daidaita juyin injin, tana ƙara ko rage totur da kanta. Na kwance notin hannunsa, na buɗe totur gaba ɗaya, na juya sandar gwamnan ta ɓangaren da hannun ya bi har ta tokare, na ɗaure. Ba canji. Cikin fushi na sa filaya na ɗan lanƙwasa ƙarfen da sifirin ɗin gwamna ke maƙale a kai. Juyin ya ɗan ƙaru, amma ni kaina na san ba a nan cutar take ba.

Yau ina tsugune gefen injin a kashe, na miƙa hannu na tura madannin totur ina kallon ƙasa. Sai na ga rigar wayar totur, wato baƙin bututun da wayar ke gudu a cikinsa, tana motsi tare da wayar. Ai bai kamata ta ko girgiza ba! Na shafa mata alli daidai bakin ƙarfen da ke matse ta, na sake turawa. Alamar ta matsa kusan faɗin ɗan yatsa. Ƙarfen ya ci jikin rigar har ya yi mata rami mai santsi, shi ya sa ko an ɗaure sukurun tamau ba ya riƙe ta. Rabin turin da nake yi daga sama a nan yake ɓacewa, sifirin kuma ba ya samun jan da ya kamata. Gwamna bai yi laifin komai ba, abin da aka ba shi ya yi aiki da shi.

Gyaran bai ci minti goma ba. Na kai madanni kan gudu, na daidaita ramin farantin totur da na mazauninsa, na zura bakin dirila mai inci 1/8 ya riƙe su, sannan na juya rigar yadda ƙarfen zai kama wuri mai lafiya, na ɗaure. Ku da madanni ɗaya ke yi muku totur da cok (farantin da ke toshe iska in za a tayar da inji), ku leƙa bakin kafireta bayan haka: cok ya rufe ruf in an kai ƙarshe, ya buɗe sarai in an dawo kan gudu. Nawa sai da na sake matsar da rigar kaɗan kafin ya zauna.

Ina tayarwa na'ura ta nuna 3,550. Gabana ya faɗi, na tuna lanƙwasar da na yi. Nan take na kashe. Wannan ba wurin ganganci ba ne: a Amurka ƙa'idar masu ƙera irin waɗannan injina ita ce gudun ƙarshen wuƙa kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, kuma da ita ake tsara juyin injin. Na mayar da ƙarfen da na lanƙwasa a hankali, ina gwadawa ina kashewa, har sau huɗu, sai ga 3,300.

Na shiga ciyawar nan da ta gagare ni. Da injin ya ji nauyi sai muryarsa ta yi kauri na ɗan lokaci, gwamna ya buɗe masa, ya wuce abinsa. Na daɗe ban ji daɗi irin wannan ba.

Silo ne ya rage, wato juyin injin in an rage totur gaba ɗaya: yana ɗan hawa da sauka in injin ya yi zafi. Ina zargin iska na shiga ta gasket ɗin sabuwar kafiretar, wato shimfiɗar da ke toshe tsakaninta da injin, don haka gobe zan mayar da tsohuwar in gani.